Zinaren da Ke Ba da Haske: 'Yan Curin Zinare da Aikinsu a Harkar Lafiya

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da nake hangowa a sahun gaba, 'yan'uwana malaman makaranta, ƙannena ɗalibai maza da mata.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, musamman da suka nace a yi shi da Hausa. Na ga waɗanda suka taso tun daga Kawo da Mando da Rigasa a nan Kaduna cikin wannan rana, Allah ya saka da alheri. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne zinare, amma wanda ba a sa shi a kunne, ba a auna shi a sikelin 'yan gwal na Kasuwar Gumi. Zinare ne da aka ƙanƙanta shi har ya daina ƙyalli ya koma ba da haske, da yadda ƙwayoyinsa ke haɗa kansu ba tare da hannu ya jera su ba, da abin da likitoci ke fatan samu daga gare shi. Zan ƙare da abin da ya shafe mu, mu da zinare ke ƙarƙashin ƙasarmu a Birnin Gwari.

Batu na farko: zinare ya daɗe da shiga kemis ɗin unguwarku

Bari in fara da tambaya. Wa aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini a kan ɗan farin roba? Na ga hannaye kusan duka. To wannan jan layin da ke fitowa, wanda ake cewa idan biyu ne akwai zazzaɓi, a mafi yawan irin waɗannan kayan gwaji zinare ne. Ɓarɓashin zinare ne mai faɗin kusan nanomita 40, an liƙa masa sinadarin da ke kama furotin ɗin ƙwayar cutar. Jini ya kwaso su, suka taru a wuri guda, ido ya ga ja. Haka abin gwajin ciki na mata yake, haka na korona da muka sani a 2020.

Nanomita kuwa, a raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kai ya kai kusan nanomita 80,000.

Likitoci sun daɗe suna zawarcin zinare. A 1890 Robert Koch na Jamus ya ga wani gishirin zinare yana hana ƙwayar tarin fuka yaɗuwa a cikin kwalba. Aka ɗauki zance da zafi, a shekarun 1920 aka yi ta yi wa masu tarin fuka allurar zinare, daga baya ta bayyana cewa illarta ga ƙoda da fata da jini ta fi amfaninta. A 1929 Jacques Forestier na Faransa ya juya shi ga ciwon sanyin gaɓoɓi, a nan kam ya yi aiki shekaru da yawa. Ku riƙe labarin tarin fukan nan, zan dawo gare shi.

Batu na biyu: me ya sa zinare zai yi ja?

Wanda ya fara zama ya yi wa wannan tambaya nazari na ƙwarai shi ne Michael Faraday a Landan, a 1857. Ya narkar da zinare a sinadari, ya sake fito da shi a matsayin ɓarɓashin da ido ba ya gani, sai ruwan ya yi ja kamar zoɓo. Kwalaben da ya haɗa suna nan a Landan har yau, jansu bai gushe ba. Tun kafinsa ma, maƙeran gilashi na Rumawa a ƙarni na 4 sun yi wani kofi da ake kira kofin Lycurgus: haske ya faɗo masa ta gaba ya yi kore, ya ratso ta bayansa ya yi ja. Ɓarɓashin zinare da azurfa ne a cikin gilashin.

Dalilin shi ne, a cikin ƙarfe ilektiron ba su da gida guda, yawo suke tsakanin ƙwayoyin zarra kamar ruwa a fadama. Idan ƙarfen ya zama ɗan ɓarɓashi, wannan ruwan sai ya riƙa kaɗawa gaba ɗaya idan haske ya taɓa shi, ya shanye koren haske, ya bar mana ja. Ɓarɓashin cikin gwajin zazzaɓi, duk ƙanƙantarsa, yana ɗauke da ƙwayar zarra wajen miliyan 2.

Yanzu a ci gaba da ragewa. Daga miliyan 2 zuwa dubu, zuwa ɗari, zuwa 25. Idan faɗin ya sauka ƙasa da nanomita 2, fadamar ta ƙafe. Ilektiron ba su da filin kaɗawa, kowanne sai ya tsaya a matakinsa kamar matakalar bene. A nan zinare ya bar halin ƙarfe ya ɗauki halin sinadari. Wannan nake kira ɗan curin zinare, kamar yadda muke cewa curin fura, sai dai shi ana ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma an ƙirga. A 2007 ɗakin binciken Roger Kornberg a Jami'ar Stanford ta Amurka ya fito da taswirar curi mai ƙwayar zinare 102, kowace ƙwaya da mazauninta. A 2008 aka fito da ta curin da ya fi shahara, mai ƙwaya 25. Ginin yana da kyau ƙwarai: 13 a tsakiya sun dunƙule, sauran 12 sun haɗu da ƙwayoyin farar wuta 18 sun yi maɗauri shida sun kewaye shi, kamar yadda ake ɗaure kaya a bayan mota. Farar wutar nan ita ce kan wasu dogayen sinadarai da ke rataye a jikin curin kamar gashi. Su ne rigarsa. In babu rigar, curi zai manne da curi su koma ɓarɓashi. Me ya sa na damu da ƙirgen? Saboda likita ba ya son "kusan". Maganin da aka san adadin ƙwayoyinsa daidai shi ake iya sake yin irinsa gobe, shi kuma hukuma ke iya tantancewa.

Batu na uku: ƙyalli daban, haske daban

Sarƙar amarya ƙyalli take, wato hasken da ya faɗo mata take mayarwa. Abin da nake nufi da haske shi ne irin wanda kuke gani a banki idan ma'aikaciya ta sa takardar naira dubu ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan, wasu alamomi suka kama da kansu. Kunama ma haka take yi a ƙarƙashin wannan fitila. Abu ya sha haske mai ƙarfi, ilektiron ya haye mataki na sama, da zai sauko sai ya amayar da haske mai wani launi. Ma'aikatan ɗakin gwaji sun san wannan, don da irinsa suke hango ƙwayar tarin fuka a majina, tana haske cikin duhun madubi.

Dunƙulen zinare ma yana yin haka, amma kamar babu. A 1969 Aram Mooradian ya auna: cikin ɗigon haske biliyan 10 da ya shiga, ɗaya ke dawowa. Ɗan curi kuwa yakan mayar da ɗaya cikin dubu, wani ɗaya cikin ɗari, wani fiye da haka nesa.

A 2009 aka sami sauƙin da ya buɗe wa talakan ɗakin bincike ƙofa. Jianping Xie da Yuangang Zheng da Jackie Ying a Singafo suka ɗauki ruwan gishirin zinare, suka gauraya da furotin ɗin jinin shanu, suka ɗiga soda mai ƙarfi, suka ajiye a zafin jikin mutum, digiri 37, na awa 12. Furotin ɗin da kansa ya kama zinaren, ya dunƙula shi, ya lulluɓe shi. Da aka haska fitila, ruwan ya kama ja jawur, yana mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sha. Daga baya wasu suka yi irinsa da farin ƙwan kaza. Ranar da na fara ganin wannan ruwa a cikin duhu na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Da rana ruwan shayi ne kawai a kwalba, a duhu kuwa garwashi.

Batu na huɗu: haɗa kai

A nan zan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Ɗan curi yana da faɗin nanomita 1 zuwa 2. Babu hantsakin da zai ɗauki dubbansu ya jera. To yaya za a yi gini da tubalin da hannu ba ya iya ɗauka? Sai a sa wa tubalin hali, ya nemi ɗan'uwansa da kansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Mai nono takan zuba ɗan tsohon nono a madara ta rufe ƙwarya ta kwanta. Tsami ya taso, furotin ɗin madara da ke gudun juna suka daina gudu, suka riƙe hannu, da safe ga kindirmo. Ba ta jera ko ɗaya ba, yanayi ta canza. Sabulu a ruwa haka yake: ƙwayoyinsa suna da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, sai su yi da'ira, jela a ciki, su kama maiƙo a tsakiya.

Akwai misali mai ɗaci da kusan kowane dangi a zauren nan ya sani, wato sikila. Canjin tubali guda a jikin sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini ya sa, idan iskar ta yi ƙaranci, sinadaran su manne da juna su yi dogayen zaruruwa, su lanƙwasa ƙwayar jini ta zama lauje. Ciwon da yaron ke kuka da shi cikin dare, asalinsa haɗa kai ne da ya faru inda ba a so. Ƙarfin da ke cikin al'amarin ke nan. Masana so suke su riƙe linzaminsa.

Da me ake riƙewa? Da rigar curin. Idan bakin gashin rigar yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, curi zai guji curi. A zuba ƙarfen tutiya narkakke, sai ya zama gada tsakaninsu, kowace ƙwayar tutiya ta riƙe gashin wannan da na wancan. A zuba dogon sinadari mai kishiyar caji, sai ya tattaro su kamar yadda igiya ke tattara itace. A canza tsamin ruwan, ko a ƙara masa itanol, su dunƙule. A 2016 Nonappa da Olli Ikkala da abokan aikinsu a Finlan suka nuna cewa curin nan mai ƙwaya 102 yana iya shimfiɗa kansa kamar tabarma mai kaurin curi ɗaya, ko ya naɗe ya zama ƙwallo mai rami a ciki, gwargwadon ruwan da aka sa shi.

Ga abin mamakin. Yawancin rini masu haske, idan suka cunkushe sai haskensu ya mutu. 'Yan curin zinare da yawa akasin haka suke, cunkoso ƙara musu haske yake. Ben Zhong Tang na Hong Kong ne ya fara bayyana irin wannan hali a wasu sinadarai a 2001, sai a 2012 ɗakin binciken Xie ya nuna shi a zinare. Dalilin? Ku dubi karan dawa guda a tsaye a gona, iska na kaɗa shi ta ko'ina. A yanke a ɗaure dami, babu karan da ke motsi. Gashin rigar curi, idan yana sake, rawa yake ta yi, ƙarfin da ya kamata ya fito a matsayin haske sai ya tsiyaye a rawar ya zama zafi. Idan aka ɗaure dami, rawa ta tsaya, ƙarfin ba shi da mafita sai haske. A 2016 Xavier Le Guével da abokan aikinsa suka ɗaure 'yan curi da dogon sinadari mai caji, suka sami ƙwallaye masu faɗin kusan nanomita 120, haske ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 25 cikin 100. A Koriya ta Kudu, a 2015, ɗakin binciken Dongil Lee ya sandarar da rigar wani curi mai ƙwaya 22 har haskensa ya haura kashi 60.

Ku lura da abin da wannan ke ba mu. Abu ne da ke kunnuwa idan ya taru, ya dushe idan ya watse. Duk abin da zai tara shi ko ya watsa shi, ko guba ce a ruwa ko tsami ne a tsoka, ya tona kansa ke nan.

Batu na biyar: a cikin jiki

Likitocin da ke nan za su tambaye ni abin da ya kamata su tambaya: in ya shiga, ta ina zai fita?

Ƙoda rariya ce. Binciken da aka yi a 2007 ya nuna abin da faɗinsa bai wuce kusan nanomita 5.5 ba yana ratsa ta ya fita a fitsari. Wanda ya fi haka, hanta da saifa ke kama shi, kuma zinare ba ya ruɓewa, yana iya zama a can wata da watanni. A 2011 Jie Zheng na Jami'ar Texas a Dallas ya yi wa ɓeraye allurar 'yan curi masu rigar gulutatayon, sinadarin da jikinmu ma ke yi, fiye da rabi ya fita a fitsari cikin awa 24. Shi da ɗalibansa sun ci gaba da amfani da hasken wajen kallon yadda ƙodar ɓera ke aiki, suna gane rauninta tun kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san darajar ganewa da wuri.

Sai dai abin da ke saurin fita ba ya daɗewa balle ya taru a kan ƙari. Babba yana taruwa amma ya maƙale a hanta, ƙarami yana fita amma bai tsaya aiki ba. Gaba kura, baya sayaki. Haɗa kai ne ake fatan ya raba wannan gardama. A shigar da su a dami mai faɗin nanomita 100, ɗauke da magani a tsakaninsu, su isa ƙarin, daga baya damin ya kwance kowa ya bi fitsari. Ko a shigar da su a warwatse, a ɗinka musu rigar da za ta sa su dunƙule idan sun ji tsami, tun da kewayen ƙarin daji ya fi lafiyayyar tsoka tsami. A can sai su taru, su kunnu, su ce wa likita ga shi nan.

Yaya za a ga haske a cikin tsoka? Yau da dare ku ɗora tocilan wayarku a tafin hannu, za ku ga ja ne kaɗai ke ratsowa. Hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani sai kyamara ta musamman, ya fi ratsawa. Curi mai ƙwaya 25 yana ba da irinsa. A 2022 ɗakin binciken Hongjie Dai a Stanford ya yi amfani da shi ya haska kaluluwar da ƙarin daji ke fara malalawa cikinta, a jikin ɓeraye. Ga likitan da ke fiɗar sankarar mama, sanin wace kaluluwa zai cire wace zai bari babban abu ne. Amma ratsawar milimitoci ce zuwa 'yan santimita, ba za ta kori hoton ƙashi ko sikanin ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da zan ambata a gurguje. Zinare ƙarfe ne mai nauyi, yana shan hasken gashin daji fiye da tsoka. A 2004 James Hainfeld ya gwada a ɓeraye masu ƙari: waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, kashi 20 cikin 100 suka kai shekara, waɗanda aka haɗa musu da zinare mai faɗin nanomita 1.9, kashi 86. A ƙasar da injinan gashi ƙidayayyu ne, har mutanen jihohi da dama ke dogaro da sashen da ke asibitin Shika, duk abin da zai ƙara wa gashi kaifi abin dubawa ne. Sannan a 2017 aka nuna a Singafo cewa curi mai ƙwaya 25 yana kashe bakteriya, alhali ɓarɓashin da ya fi shi girma, mai riga iri ɗaya, bai yi musu komai ba.

Yanzu ku ƙirga sau nawa na ce ɓeraye. Da gangan na yi. A 2016 Warren Chan na Jami'ar Toronto da ɗalibansa suka tattara binciken shekara goma, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ke isa ƙarin da aka aike su. Tsakanin ɓera da ɗan Adam tafiya ce ta shekaru. Ga inda labarin tarin fuka ya dawo: abin da ya kashe cuta a kwalba ya cutar da mutane a gado. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda ya zo muku da kwalbar "ruwan zinare" a mota mai lasifika ko a Facebook ya ce tana maganin daji, kada ku saya, kada ku bar mara lafiya ya ajiye maganin asibiti dominta. Na ga matar da aka yi wa haka, sai da ƙarin ya fashe aka kawo ta, kuma ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Wani zai ce, namiji fa, da aka hana shi zinare? Fatawa ta malamai ce, ga su nan zaune. Abin da zan tuna musu kawai shi ne labarin sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare.

Batu na shida: rabonmu

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Dareta, Yargalma, Abare, daga baya Bagega. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, ana daka shi ana niƙa shi a cikin gida, a tsakar da yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Na'urar da aka kai don auna dalma a jini iyakar lambar da take nunawa 65 ce, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Ga kuma zaiba da masu haƙa ke kama zinare da ita, su ƙona ta a buɗaɗɗen wuri, hayaƙin ya shiga huhu, saura ya bi ruwa ya shiga kifi. Irin wannan haƙa ita ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a iska.

Maganin da aka ba yaran Zamfara yana da ƙwayar farar wuta biyu a jikinsa, da su yake cafke dalma ya fitar da ita a fitsari. Riƙon nan na farar wuta da ƙarfe shi ne dai wanda ke ɗaure rigar ɗan curi. Ilimin guda ne.

A 2010, shekarar da ake binne yaran Dareta, masu binciken nan na Singafo suka buga cewa jan ruwansu yana mutuwa nan take idan zaiba ta taɓa shi, domin zaiba na manne wa zinaren da ke fatar curin. Yana jin ta ko da kashi 0.1 ce cikin biliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa ruwan sha kashi 2 ce cikin biliyan. Wasu masu bincike kuma sun yi curin da dalma ke tarawa, haskensa ya canza.

To mu yi lissafi. Haɗin nan na Singafo, mililita 10, zinaren da ke cikinsa miligiram 10 ne. Giram ɗaya zai yi haɗi 100. Miskali guda, ma'aunin da kakanninmu fatake suka san zinare da shi, wajen giram 4 da kwata, zai yi fiye da 400, kuma kowane haɗi ana tsarma shi a yi gwaji da yawa. Tsadar zinare ba ita ce katangar ba.

Ra'ayina, kuma na san akwai waɗanda za su saɓa mini, shi ne kada ɗalibinmu na digiri na biyu ya fara da maganin daji. Gasa ce da masu madubin ilektiron a kowane bene, kuma sakamakonta na nesa ne. Ya fara da ɗan tsinken takarda da aka jiƙa da 'yan curi, da ƙaramar fitila irin ta banki, da kyamarar waya, wanda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai tsoma a rijiya ko a ruwan wankin dutse ya ga ko ja ya mutu. Gwajin da ake yi a wajen jiki ba ya sa ran kowa a haɗari, kuma buƙatarsa tamu ce kafin ta kowa.

Aikin ba ƙarami ba ne. Jan ƙarfe ma yana dusar da hasken, ga shi ruwan wurin haƙa cike yake da ƙarafa iri iri, dole a koyi bambancewa. Ruwan rafinmu da damina jawur yake da laka. Furotin yana lalacewa a zafi, tsinken da ya yi aiki a ɗaki mai sanyi sai an gwada ko zai kai wata uku a shagon da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Waɗannan tambayoyi babu wanda zai amsa mana su daga Singafo, domin ba rijiyarsa ba ce. Kuma ina jan kunnen ɗalibai: narkar da zinare da ruwan asid mai haɗari ake yi, aikin ɗakin gwaji ne mai bututun fitar da hayaƙi, ba na ɗakin kwana ba.

Kayan aikin ma ba daga sifiri za mu fara ba. Jami'ar Jihar Kaduna tana da sashen kimiyyar sinadarai, tana da asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ga makarantar horar da hafsoshin soja, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Unguwar Rimi ta shafe shekaru fiye da saba'in tana aiki da dabbobin gwaji. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda aikinta ya haɗa da auna ƙarafa a cikin ƙasa da sauran samfura, can za a kai a tabbatar ko tsinkenmu gaskiya yake faɗa. A Abuja kuma, Farfesa Wole Soboyejo da masu binciken cibiyar Sheda sun riga sun haɗa ɓarɓashin zinare da ganyen tafashiya, wadda kowa a nan ya sani, sun gwada shi a kan ƙwayoyin sankarar mama. Abin da nake nema shi ne mai sinadarai da likita da masanin ƙasa su zauna a teburi guda, su nemi mai haƙa na Birnin Gwari su tambaye shi inda yake wanke dutsensa da inda iyalinsa ke ɗiban ruwa, kafin a rubuta takardar neman kuɗin bincike.

Shugaba ya ɗago mini agogo, kuma la'asar ta gabato.  Inda na yi kuskure a gyara mini. Na zo da ƙaramar kwalba da fitila, bayan salla duk mai son ganin jan da idonsa ya same ni a ɗakin da ke gefe, za mu rufe taga. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina so a fara da ɗalibai mata da ke can baya.